Likita ya ce garkuwar jikin ƙanwata ce ke faɗa da tayirod ɗinta, mi ke nan?

Wata 'yar uwa daga Ƙauran Namoda ce ta turo tambaya. Ƙanwarta ta haihu wata bakwai da sunka wuce, sai ta fara ramewa alhali tana cin abinci fiye da da, ga bugun zuciya, ga zufa ko da fanka na kanta, ba ta barci, idanunta sun fara fitowa waje kuma wuyanta ya ɗan tasa. Sun kai ta asibiti Gusau anka yi gwajin jini, likita ya ce tayirod ɗinta ce ke aiki fiye da ƙima kuma garkuwar jikinta ce ta jawo, ya ɗora ta kan kabimazol. Yanzu hankalin gida ya tashi, wasu na raɗe-raɗin ko garkuwar ta karye ne irin ta mai ƙanjamau. Tana so ta san haɗin tayirod da garkuwar jiki, kuma ko su sayo mata maganin ƙara garkuwa.

Wa alaikumus salam Hajiya, Allah ya ba ta lafiya, ya raya abin da anka samu. Bari in fara da abin da ya fi damun ku: garkuwar ƙanwarki ba ta karye ba, wanga ciwo ba shi da wata dangantaka da ƙanjamau, ba a ɗaukarshi ta kwano ko shimfiɗa ko nono, kuma don Allah kada ku kashe ko sisi wajen sayen maganin ƙara garkuwa. Garkuwar tata tana da ƙarfinta, kuskuren wurin kai hari kawai ta yi. In likita ya haɗa da gwajin ƙanjamau da tibi da suga kada wani ya ɗauke shi da wata manufa, duk wanda ke ramewa haka muke mashi, ƙa'idar aiki ce.

Ita tayirod wata 'yar tsoka ce a gaban wuya, ƙasa da zakaran wuya kaɗan, ɓari biyu hagu da dama da ɗan siririn mahaɗi a tsakiya, nauyinta a babban mutum bai cika wuce giram 15 zuwa 25 ba. Ita ce in ta kumbura muke cewa maƙoƙo. Aikinta ta tsamo aidin, wani sinadari da muke samu a abinci, daga cikin jini ta haɗa homon, wato sinadaran da ke bin jini suna kai saƙo ga sassan jiki, iri biyu, T4 da T3, lambar nan adadin ƙwayoyin aidin da ke jikin kowane ne. Mafi yawan abin da take saki T4 ne, sai hanta da ƙoda da sauran sassan jiki su cire mashi aidin guda ya koma T3, wanda shi ne mai aikin gaske. Su ke tsara saurin da jiki ke ƙona abinci, bugun zuciya, zafin jiki, motsin hanji, har al'adar mata da kaifin ƙwaƙwalwa. Kamar totur ɗin babur dai, in an murɗa da yawa inji ya yi ta kuka yana shan mai yana zafi, in an saki ya yi sanyi kamar zai mutu. Mai riƙe da totur ɗin wata 'yar ƙaramar gilan ce, wato tsoka mai fitar da homon, a gindin ƙwaƙwalwa, fituwitari, tana aiko da saƙo mai suna TSH, in homon ya yi ƙasa a jini ta ƙara saƙon in ya yi sama ta rage. Shi ya sa in kin duba takardar gwajin ƙanwarki za ki ga TSH ya faɗi ƙasa warwas, watakila ƙasa da 0.01 alhali daidai ɗinshi wajen 0.4 zuwa 4 ne, T4 da T3 kuma sun haura. Mutane da yawa na ganin TSH ƙasa su ce to ai tayirod ɗin ce ta gaza, a'a, ƙwaƙwalwa ce ta daina ba da umarni amma tayirod ɗin ba ta tsaya ba.

To mi ya hana ta tsayawa? Nan garkuwar jiki ta shigo. Cikin fararen ƙwayoyin jini akwai waɗanda aikinsu ƙera antibodi, wasu sinadarai ne da ke manne wa ƙwayar cuta don a gane ta a kashe ta. A jikin ƙanwarki sun ƙera wani antibodi da ke zuwa ya manne daidai wurin da TSH ke zama a jikin tayirod, ita kuma tayirod ba ta iya bambancewa, sai ta ɗauka umarni ne daga sama, ta yi ta zuba homon dare da rana tana ƙara girma. Shi TSH yana jin magana, in homon ya isa ya janye, shi ko antibodin nan babu ruwanshi da ko ya isa ko bai isa ba. Wanga shi ake ce wa ciwon Graves, sunan wani likita ne ɗan ƙasar Ailan da ya bayyana shi a 1835, amma sai a 1956 wasu masu bincike biyu a Niyuzilan, Adams da Purves, sunka gano akwai wani abu a jinin masu ciwon da ke zuga tayirod wanda ba TSH ba ne, daga baya anka tabbatar antibodi ne. Yau ana iya auna shi, ana rubuta shi TRAb, ko da yake ba kowane ɗakin gwaji ke yi ba kuma yana da tsada, sau da yawa in alamomi sun bayyana sarai ba ma jiranshi.

Mu a ɗakin duba marasa lafiya tun kafin gwaji ya fito jiki ke faɗa mana. Za ka kama hannun yarinya cikin tsakiyar hunturu kowa na rawar ɗari da rigar sanyi, ita tafin hannunta ɗumi jiƙe da zufa, ka ƙirga bugun jini tana zaune ba ta yi komai ba ka samu 120 a minti. Ka ce ta miƙe hannuwa ka aza fallen takarda a bayan yatsunta, takardar ta yi ta karkarwa. Ka ba ta ruwa ta kurɓa ka tsaya kana kallon wuya, kumburin ya hau sama ya dawo tare da haɗiya, to ka san na tayirod ne ba kaluluwa ba. Kuma kusan kullum wanda ya rako ta zai ce ai halinta ma ya canza, abu kaɗan ta hau faɗa ko kuka, har an fara zancen iska ko sammu an yi ta hayaƙi. Ni abin da ke ci mani rai ke nan, mace ta yi wata da watanni ana mata kallon marar haƙuri, wata har aurenta ya girgiza, alhali homon ne ke tafasa mata jini. Addu'a kam a ci gaba da yi, amma a haɗa da magani, kuma a faɗa wa maigidanta da uwar mijinta gaskiyar abin da ke faruwa don su yi mata uzuri.

Zuwan ciwon bayan haihuwa ba haɗuwar tsautsayi ba ne kawai. Jinjiri a ciki rabinshi na uba ne, da garkuwar uwa za ta yi aiki da cikakken zafinta da ta ɗauke shi baƙo, don haka Allah cikin ikonshi ya sa garkuwar ke lafawa lokacin goyon ciki. Shi ya sa mai ciwon Graves kan ji sauƙi a watannin ƙarshe na ciki har a rage mata magani. Ana haihuwa sai garkuwar ta farfaɗo da ƙarfi, a wasu matan ta zarce, to a shekarar farko bayan haihuwa ake yawan ganin ciwon ya ɓullo ko ya dawo. Dama can ciwukan tayirod na garkuwa sun fi kama mata nesa ba kusa ba, ninki biyar zuwa goma a kan maza.

Akwai wani mai kama da shi da ya kamata ki sani, shi ma bayan haihuwa yake zuwa, yana samun kamar mace 5 cikin 100. Shi a nan garkuwa ba zuga tayirod take ba, kumbura ta take har homon ɗin da ke ajiye ya tsiyaye cikin jini, mace ta yi 'yan makonni da bugun zuciya da zufa, in ajiyar ta ƙare kuma ta faɗa ɗaya ɓangaren, kasala da jin sanyi da baƙin ciki, galibi cikin shekara ta warware da kanta, wasu kuma ya zame masu na dindindin. Wannan kabimazol ba ya mashi komai. Amma shi ba ya fito da ido, to tunda kin ce idanun ƙanwarki sun fito, Graves ne, likitanta na kan hanya. Sai kuma in ƙara da cewa a yankinmu na Sakkwato, Kebbi da Zamfara ciwon zuciyar masu jego yana da yawa, duk maijegon da ke haki in ta kwanta ko ƙafa ta kumbura a duba zuciyar ita ma, kada a jingina komai ga tayirod, kuma a ajiye kunun kanwa.

Ɗaya fuskar ciwon ita ce Hashimoto, likitan Japan ne ya bayyana shi a 1912. Nan fararen ƙwayoyin jini ne ke shiga cikin tayirod su yi ta cin ta a hankali shekara da shekaru har ta kasa aiki, mutum ya yi ta ƙiba ba dalili, barci, bushewar fata, taurin bayan gida, zubar gashi, mace al'ada ta rikice ko ciki ya yi ta zubewa. A 1956 ɗin nan dai Roitt da Doniach a Landan sunka gano antibodi a jinin masu shi, yana cikin ciwukan farko da anka tabbatar jiki na iya yaƙar kanshi. Na kawo shi ne don su biyun 'yan gida ɗaya ne, suna bin dangi, za ki ga wannan na da Graves innarta na da Hashimoto. To ke da sauran 'yan uwanku mata in kun ga alama ku yi TSH. Kuma mai ɗaya yana iya haɗawa da wani ciwon garkuwar, kamar suga irin na yara mai buƙatar insulin, ko farin tabon nan na fata da mutane ke tsoro suna dangantawa da kuturta alhali ba ita ba ce, ko ƙarancin jini na rashin bitamin B12.

Kada a haɗa wannan da maƙoƙon da iyayenmu sunka sani a ƙauyuka, wancan mafi yawa rashin aidin ne, tayirod ke girma don neman abin da babu. Tun 1993 Najeriya ta wajabta sa aidin a gishirin ci kuma abin ya ragu ƙwarai. Babba na buƙatar maikirogiram 150 a rana, mai ciki da mai shayarwa 250, gishirin leda mai aidin da kifi da nono sun wadatar in ana rufe gishirin ba a bar shi a rana ba. Gero da rogo suna da sinadaran da ke ɗan tare wa tayirod hanya, an ga haka a Darfur ta Sudan inda gero ne cimarsu, amma inda aidin ya yi ƙaranci ne abin ke tasiri, ba wanda zai hana ƙanwarki fura. Abin da za a hana ta shi ne ƙarin aidin na kwalba, don aidin shi ne kayan aikin tayirod, ita kuma tata ta riga ta wuce gona da iri.

Yanzu ɗaya hannun, don alaƙar ba hanya ɗaya take bi ba. Su kansu ƙwayoyin garkuwa, wato fararen ƙwayoyin jini, suna sauraron homon ɗin tayirod. Niyutirofil da makirofaj, masu haɗiye ƙwayoyin cuta, da limfosait masu ƙera antibodi da tuna cutar da ta taɓa shigowa, duk suna da ƙofofin shigar da T4 da T3 da wurin karɓarsu, har suna da sinadaran da suke kunna homon ɗin ko su kashe shi a cikinsu gwargwadon buƙata. A ɗakin bincike da jikin dabbobi an ga T3 na ƙara wa makirofaj kuzarin haɗiye bakteriya, yana taimaka wa ƙwayoyin da ke kai rahoton cuta ga limfosait su ƙosa su yi aikinsu, in homon ya yi ƙasa kuma waɗannan ayyuka su yi sanyi. Tun 1967 wani masani a Amurka, Klebanoff, ya nuna sinadarin da ke cikin niyutirofil na iya amfani da aidin wajen kashe bakteriya. Har wata gilan da ke bayan ƙashin ƙirji inda limfosait ke samun horo, taimos, takan girma a masu Graves ta koma daidai in an yi magani, wani lokaci a gan ta a hoto a tsorata a ɗauka ƙari ne.

Haka kuma in mutum ya kwanta ciwo mai tsanani, tibi ko cutar da ta shiga jini ko maleriya mai zafi, saƙonnin da ƙwayoyin garkuwa ke aika wa juna suna rage juya T4 zuwa T3, sai gwaji ya nuna T3 ƙasa alhali tayirod lafiyarta ƙalau, in ya warke ya koma daidai. Shi ya sa ba mu son auna tayirod ga wanda ke kwance rai a hannun Allah sai da dalili mai ƙarfi. Wani kuma bayan mura ko wata cutar bairos wuyan ya kama ciwo har zuwa kunne da zazzaɓi, shi ma kumburin tayirod ne, yakan wuce cikin 'yan watanni.

To ko ƙanwarki za ta fi sauran mutane kamuwa da cuta? In homon ya daidaita, a'a, ta yi rayuwarta ta karɓi rigakafinta kamar kowa. Haɗarin yana wuri biyu ne kuma nan nike so ki buɗe kunne da kyau. Na farko, muddin homon bai sauko ba, zazzaɓi ko ciwon huhu ko tiyata ko yanke magani kwatsam na iya tunzura ciwon ya yi tashin da ke kisa, jiki ya yi zafi rau ya kai digiri 40, zuciya ta yi ta gudu ba tsari, amai da gudawa, ruɗewa ko suma. Wanga ba na jiran gari ya waye ba ne, asibiti babba kai tsaye, kuma ku faɗa masu tun daga ƙofa cewa tana da ciwon tayirod.

Na biyu maganin ne da kanshi. Kabimazol magani ne mai kyau, shi ke hana tayirod haɗa homon, amma a mutum kamar 2 zuwa 5 cikin 1000 yana sa ɓargo ya daina ƙera niyutirofil kwatsam, galibi cikin wata 3 na farko, to a nan ne garkuwa ke faɗuwa da gaske. Alamarshi zazzaɓi, ciwon maƙogwaro, gyambo a baki. Kin ga matsalar ai, mu nan duk zazzaɓi maleriya ne ko taifot, a aiki yaro kemis ya sayo na maleriya da farasitamol a ci gaba da shan kabimazol ɗin a kai, in maƙogwaro ne ma wani ya ce beli ne a kira wanzami, mutumin da ba shi da ƙwayoyin kare kai a sa mashi aska a maƙogwaro, wallahi tunanin kawai na tada mani hankali. Don haka ki rubuta ki manna a bangon ɗakinta: ranar da ta ji zazzaɓi ko ciwon maƙogwaro ko gyambon baki, ta dakatar da kabimazol a take, a je a ƙirga fararen ƙwayoyin jini a ranar, gwajin nan ana yinshi a kusan kowace babbar asibiti ba sai an je Gusau ko Sakkwato ba. In sun fito daidai ta koma kan maganinta a yi maganin abin da ya kawo zazzaɓin, in sun faɗi a kwantar da ita, kuma ba ita ba wanga magani har abada. Haka in ido ya yi ɗorawa ko fitsari ya yi duhu, a duba hanta. Ban faɗi haka don ta tsorata ta ajiye magani ba, barin ciwon ba magani ya fi haɗari nesa.

Sai maganar rama. Na san gidajenmu, mace ta rame bayan haihuwa za a samu wata ƙawa ko maƙwabciya ta kawo mata sha ka fashe ko wani haɗin ƙiba. Da yawansu akwai dekzametason a ciki, shi kuma shi ne mai danne garkuwar jiki na gaskiya, ga hawan jini ga suga ga kumburin fuska da ake ɗauka ƙiba ce. Mu ma muna amfani da irinshi in ciwon ido ya yi tsanani, amma da awo da lokaci da sa ido. Jikinta zai dawo da kanshi in homon ya sauka, wasu har sai sun yi ta kukan ƙiba. Su kuma masu tallan maganin ƙara garkuwa a Facebook da WhatsApp, ba wanda zai gyara mata ciwon, wasu ma da ganyen teku ake haɗa su mai cike da aidin. In tana shan bitamin na gashi mai bayotin ta dakatar kwana 2 kafin gwaji, yana rikita sakamakon.

Idon kuma antibodin nan ne dai ke taɓa kitse da jijiyoyin da ke bayan ƙwayar ido su kumbura su turo shi gaba, shi ya sa wani lokaci jini ya daidaita ido bai koma ba, hanyarshi daban. Hayaƙin taba na ƙara shi sosai, in maigidan na sha ya riƙa fita waje, shisha ma haka. Ta ɗaga kai da filo in za ta kwanta, ta sa tabarau saboda ƙurar hunturu, da ɗigon ido mai jiƙawa. In ta fara ganin abu biyu-biyu, ko gani ya dushe, ko ido ba ya rufuwa in tana barci, likitan ido da gaggawa.

Maganin yakan ɗauki wata 12 zuwa 18, ana gwaji duk bayan sati 4 zuwa 6 da farko ana rage awo, kuma T4 ake bi a farkon don TSH na daɗewa bai farfaɗo ba. Za ta ji garau cikin wata ɗaya ko biyu, a nan mutane ke yanke magani su dawo mana da ciwon ya fi na da. Ko an kammala, kusan rabin mutane yana dawo masu, sai a yi maganar tiyata ko aidin mai tururin nukiliya, shi wannan ba a ba mai ciki ko mai shayarwa. Nono kam ta ci gaba da ba ɗanta, a awon da aka saba bayarwa babu laifi, ta sha maganin bayan ta gama shayarwa. Ciki ne nike roƙon a jinkirta, ta je ɓangaren tazarar haihuwa, don kabimazol a wata 3 na farkon ciki na iya taɓa halittar jinjiri, akwai wani da ake canza mata mai suna PTU, kuma antibodin na ratsa mabiyiya ya zuga tayirod ɗin ɗan tun yana ciki, ko da an riga an yi wa uwar tiyata. In ta ga batan wata ta koma wurin likitanta a satin, ta tafi da kwalin maganin da duk takardun gwajinta.